Wa kuke yi wa dariya?

Hutun da ya wuce, da na koma gida Tanda, na tafi da fim guda a cikin kwamfutata. Na ce wa ƴan fadarmu yau kam a ajiye ƙwallo, a ajiye Indiya mai fassara, ga wani abu na kawo. Bayan isha'i ne, mu goma sha wani abu, shayi na farko yana kan wuta. Fim ɗin shi ne Camp de Thiaroye, wanda Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow suka yi a 1988. Ba a yi minti goma ba aka fara dariya. Soja ya buɗe baki ya yi Faransanci irin na bariki, sai fada ta ɗauka gaba ɗaya, wani har da buga cinya, wani yana maimaitawa da muryar wasa. Kafin a zuba shayi na biyu rabin mutane sun koma kan wayoyinsu. Wani ya ce da ni: "Wai ina aktan? Ina bos ɗin? Yaushe za a fara faɗa?" Da aka zo wurin faɗan da yake nema, mu huɗu muka rage.

Ban ce komi ba a daren, don raina ya ɓaci kuma na san halina. Yanzu da na huce zan faɗa. Kuma ba ƴan Tanda kaɗai nake nufi ba, don da na dawo Yamai na ba da labarin a ɗakinmu, masu shirin lisans ma dariyar suka yi, har wani ya miƙe yana kwaikwayon sojan.

Bari in fara da abin da ya faru, don na lura da yawanmu sunan kawai muka taɓa ji. Thiaroye, a bakinmu Caroy, bariki ne a bayan garin Dakar. Lokacin da Jamus ta ci Faransa a watan Yunin 1940, ta kama dubban sojojin Afirka da ke cikin rundunar Faransa, waɗanda ake ce wa tirailleurs sénégalais. Sunan Senegal ɗin na takarda ne kawai. Akwai ƴan Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, akwai ƴan Gine, da ƴan Haute-Volta, da ƴan Dahome da ke nan tsallaken gadarmu, da namu na Nijar. Wasu tun a wurin kamu aka harbe su, kamar yadda aka yi a Chasselay kusa da Lyon. Fursunoni farare aka kwashe su zuwa Jamus. Baƙaƙe kuwa, Jamusawa ba su so su zauna musu a ƙasa ba, sai aka tsare akasarinsu a sansanoni cikin Faransa kanta, waɗanda ake kira Frontstalag. Léopold Sédar Senghor ma ya ɗanɗana. Daga 1943 har Faransawa aka sa suna gadin wasu daga cikinsu: wanda kuka fita yaƙi ƙarƙashin tuta ɗaya, yau shi ke tsaronka a madadin abokin gaba. Shekara huɗu suna cikin wannan hali.

Da aka kori Jamus a 1944, aka zuba su a jirgin ruwa mai suna Circassia, ya tashi daga Morlaix ranar 5 ga Nuwamba, ya sauke su Dakar ranar 21, mutum wajen 1,300. Suna bin bashi: albashin shekarun da suka yi a tsare, da kuɗin sallama. Aka ce kowa ya hau jirgin ƙasa ya tafi garinsu, kuɗi zai biyo baya. Suka ce a'a. Duk wanda ya taɓa jiran burs ya san abin da "zai biyo baya" yake nufi. Ranar 1 ga Disamba 1944 da safe aka tara su a fili aka buɗe musu wuta. Wani rahoton soja ya ce mutum 35 suka mutu, wani ya ce 70. Masana tarihi irin su Armelle Mabon, da ta shafe shekaru tana bin takardun, suna maganar ɗaruruwa. Sai a watan Nuwamban 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya yarda ya rubuta cewa kisan gilla ne, cikin wasiƙar da ya aika wa shugaban Senegal.

To, waɗannan su ne mutanen da kuka yi wa dariya.

A ɗakinmu akwai wani aboki, mai son fim ne na gaske, ba irin masu neman bos ba. Shi nasa ƙorafin daban ne. Ya ce in fim ɗin fursunonin yaƙi ake so, a kalli The Great Escape na 1963, inda Steve McQueen ya tsallake waya da babur, ko The Bridge on the River Kwai na 1957. Ya ce su ne gangariya, shi na Sembène wa'azi ne mai tsawon awa biyu da rabi. Na kalli su biyun, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗinsu. Amma aboki, mu ɗan yi lissafi. Labarin The Great Escape ma na 1944 ne. A watan Maris, fursunoni 76 suka tsere ta rami daga sansanin Stalag Luft III, aka kamo kusan dukansu, ƴan Gestapo suka harbe 50. Waɗannan hamsin ɗin an san sunan kowanensu, an sassaƙa shi a dutse. Bayan yaƙi Ingila ta bi makasan ɗaya bayan ɗaya, aka yi musu shari'a a Hamburg a 1947, aka rataye wasu. Wata tara bayan wancan, a Caroy, sojojin da suka fito daga hannun Jamus ɗin nan dai, rundunarsu ce ta harbe su da kanta. Nan ma an yi shari'a a watan Maris 1945, amma wa aka gurfanar? Waɗanda suka tsira. Mutum 34 aka ɗaure da laifin tawaye. Shekara ɗaya, yaƙi ɗaya. Su can an ƙirga su an binne su da suna, mu nan ko adadi har yau ana gardama a kai. Fim ɗin Turawa yana koya maka cewa fursuna in ya tsallake waya ya isa gida, ya tsira. Sembène ya ɗauki labarin daga inda su suke rufewa: an iso gida, sai ga waya ta sake kewaye mutum, ga hasumiyar gadi, ga mai bindiga a ƙofa. In ba ka ga abin tsoro a nan ba, ban san abin da kake kallo ba.

(Ko La Grande Illusion na Jean Renoir, 1937, da malamai ke yabo, akwai baƙin fursuna guda a ciki. Ya zo ya nuna wa jaruman wani zane da ya yi, ko kallon kirki ba su yi masa ba. Iyakar rabonmu ke nan a manyan finafinan sansani, sai da Sembène ya zo. Shi kuwa ya san abin daga ciki, don shi ma an ɗauke shi soja a 1944.)

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, maganar harshe, tunda shi nake karanta.

Kuna tsammani sojan nan da ya ce "moi y'a pas content" ya yi ƙoƙarin koyon Faransanci ne ƙwaƙwalwarsa ta kasa? Ba haka ba ne. Koya masa aka yi haka. A 1916 an buga wani ɗan littafi a Faransa mai suna Le français tel que le parlent nos tirailleurs sénégalais. Ba don sojojin aka rubuta shi ba, don hafsoshi farare ne, su koyi yadda za su yi wa baƙar fata magana. Littafin ya tsara abin dalla-dalla: kada a juya aikatau, a bar shi yadda yake a ƙamus, a jefar da bambancin namiji da mace, a rage kalmomi, kowace ma'ana kalma ɗaya ta ishe ta, a cusa "y a" ko'ina. Wato an auna musu harshe kamar yadda aka auna musu shinkafa. An ba su daidai abin da za su ji umarni da shi, tashi, zauna, harba, ba abin da za su karanta takardar albashi da shi ba. Sannan aka juyo aka mai da abin nishaɗi. Tun 1915 wani kamfanin garin koko mai suna Banania ya liƙa hoton soja baƙi mai jar hula yana washe baki, da ƴar kalmarsa ta bariki a ƙasa, yaran Faransa suka tashi suna karyawa da shi kowace safiya. Dariyar nan da kuka yi a fada ta haura shekara ɗari. Ba ku kuka ƙirƙiro ta ba. Gadonta kuka ci, kuma ba daga kakanninku ba.

Amma ga inda abin yake da daɗi, kuma shi ya sa na ce a kalli fim ɗin da kunne. Sojojin ba su tsaya inda aka tsayar da su ba. Ka tara Bambara da Wolof da Mosi da Bahaushe da Bazabarme da mutumin Kwango a ɗaki guda, da wane baki za su yi shawara? Sai suka ɗauki guntun harshen nan da aka jefa musu suka mai da shi nasu. A aji muna kiran irinsa pidgin, wato harshen haɗuwa. Na sake kallon fim ɗin da biro a hannu, na ga abin yana da ƙa'ida: moi, toi, lui a gaba, aikatau ba ya motsi, korewa kullum a wurinta. Ba sa rikicewa, ba sa cewa "me ka ce?" Da wannan harshen suke ta'aziyya, da shi suke zolayar juna, da shi suke lissafin canji. Kuma lissafinsu daidai ne. A fim ɗin hafsoshi sun so su canza musu kuɗin Faransa da suka zo da shi a rabin farashi: kowace jika, maimakon dala ɗari, a ba su dala hamsin. Ku ƴan Gaya, da kuka tashi kuna ganin ƴan canji da damin naira da sefa a bakin tasha, ku gaya mini: wane ɗan canji ne zai yi maka haka ka tafi ka ƙyale shi? Ba su iya subjonctif ba, amma sun gane cuta tun kafin mai cutar ya rufe baki. Shi kuwa janar ɗin da ya iya subjonctif, da Faransanci mai tsabta ya yi musu alkawari bisa darajarsa ta hafsa, suka sake shi, suka kwana suna rawa, ya aiko musu da tankoki. A cikin fim ɗin nan kaf, ƙarya da kyakkyawan nahawu aka yi ta.

Kuma in ba mu manta ba, ai mu ma an yi wa harshenmu haka. Tsallaka Kamba ka shiga Najeriya, ka tambayi tsofaffi mene ne Barikanci. Sojan Ingila a can da Hausa ya yi aiki, Bature da Tibi da Bayarabe duk da ita suke jin juna, Hausa marar jinsi, marar karin sauti, mace ma "ya zo". Can Bature ne yake karya harshe, amma ba wanda ya rage masa albashi don haka. A kasuwar Gaya fa? Dendi yana Hausa da nasa lanƙwasa, Bahaushe yana Zabarmanci kamar yana tauna tsakuwa, ka haye Malanville ka ji Bayarabiya tana ciniki da harshe uku a jimla ɗaya. Ba mai jin kunya, ciniki yana faɗawa, kowa ya tafi gida. Harshe ɗaya tak ne in ka karya shi ake maka kallon jaki. Ku tambayi kanku dalili.

Ni na san dalilina. A makarantar firamare da na yi akwai sambol, wani ƙashi da aka ɗaura wa igiya. Duk wanda aka ji ya yi Hausa ko Dendi a fili, a rataya masa a wuya, shi kuma ya yi ta laɓe yana saurare har ya kama wani ya sauke masa. Wanda yamma ta riske shi da shi ya sha bulala. Mun koyi Faransanci, ba musu. Amma abin da muka fi ƙwarewa a kai shi ne farautar kuskuren ɗan'uwa. Kuma a unguwarmu akwai wani tsoho, cikin mazan jiya, da ya yi wa Faransa yaƙi a Aljeriya. Ran salla yakan fito da tsohuwar rigarsa da lambobi a ƙirji. Mu yara sai mu bi shi muna ƙamewa muna ihun "gardabu!", shi kuma ya juyo ya zage mu da Faransancinsa na bariki, mu faɗi ƙasa don dariya. Ina cikinsu, ni ne ma mai babbar murya. Ban san cewa tun 1959 Faransa ta daskarar da fanshon irinsu ba, abokin yaƙinsa Bafaranshe yana karɓar ninkin-ba-ninkin abin da shi yake karɓa, sai a shekarun 2000 aka fara gyarawa, lokacin da akasarinsu suna kabari. Ya rasu ban taɓa zama na tambaye shi komi ba. Saboda haka in na ce "ku", da ni a ciki.

Ba na cewa fim ɗin ba shi da aibi. Yana da ja, akwai wuraren da za a iya yankewa ba a rasa komi ba. Hafsoshin Turawa, in ka cire kyaftin Raymond, kamar an yanko su daga kwali. Mata kuwa leƙowa kawai suke yi. Kuma Sembène ya mai da kisan cikin dare da tankoki, alhali a tarihi da safe ne, a fili, rana tana kallo, wanda a ganina ya ma fi muni. Amma babban ƙorafina shi ne sarjan Diatta. Shi ne mai ilimin cikinsu: ya karanta littattafan Faransa, yana sauraren kiɗan Turai da na Charlie Parker, yana jin Ingilishi, Faransancinsa ya fi na hafsoshin kyau. A fada, duk lokacin da Diatta ya buɗe baki sai a yi tsit, har wani ya ce "kai, wanga ya iya!" Ka ga tarkon ke nan, kuma ina ganin Sembène da kansa ya sa ƙafa ɗaya a ciki. Kamar sai baƙar fata ya fi Bature iya harshen Bature kafin a yarda an zalunce shi. Mu ɗalibai Diatta muke so, don shi muke fatan zama. To amma ilimin Diatta ya hana sojojin Amurka karya masa hannu a titin Dakar? Ya hana a ƙona ƙauyensu Effok a Kazamans tun yana can yana yaƙi? Da tankoki suka zo, sun tambayi wa ya karanta littafi?

Mutumin da ya riƙe fim ɗin shi ne wanda ba ya magana ko kaɗan. Pays, wanda ɗan wasan Kodebuwa Sidiki Bakaba ya fito a matsayinsa. An tsare shi a Buchenwald, ya fito ba harshe, sai gurnani. Yana yawo da hular ƙarfe ta sojan Jamus. Tun ranar da suka iso, kowa yana murnar an dawo gida, shi ya tafi ya shafa wayar da ta kewaye barikin, ya ɗaga kai ya dubi hasumiya. Ba a ce komi ba a wurin, kuma ban ga inda aka faɗi magana mai nauyin wannan a duk fim ɗin ba. A daren ƙarshe shi ne a saman hasumiya, shi ya hango tankoki, ya sauko yana tada mutane, suka ɗauka haukansa ne ya motsa, Jamusawa yake gani, suka koma barci. Mai cikakken harshe ya yarda da alkawari. Masu rabin harshe sun yi rawa. Marar harshe ne ya gani, aka yi masa abin da kuka yi a fada. Mu huɗun da muka rage, da aka zo nan, ba wanda ya taɓa kofinsa. Bayan an binne gawawwaki, fim ya koma tashar jirgin ruwa, ga sababbin samari ana lodawa zuwa Faransa, shekarunsu kamar namu.

Fim ɗin ya ci kyautar musamman ta alƙalai a bikin Venise a 1988, amma sai da ya yi shekara goma ba a nuna shi a gidajen sinima na Faransa ba. A 2024 aka gyara shi aka nuna a Cannes. Su sun san abin da ke ciki, shi ya sa suka ɓoye shi. Mu ba wanda ya ɓoye mana, a hannu aka kawo mana har fada, muka ce ba akta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, waɗanda suka fi kowa dariya a daren nan su ne suka fi kowa zafi in ana zancen Faransa. Su ne masu sa tuta a hoton WhatsApp, su ne suka yi murna da sojan Faransa na ƙarshe ya bar Nijar a Disamban 2023, su ne suka yi ta turo saƙo da aka ce a 2025 an rubuta Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Madalla. Amma gobe in wani ɗan ƙauye ya tashi a taron ɗalibai ya ce "la problème", ku ne za ku fara ƙyafta wa juna ido, maganarsa ta mutu a nan ko da ita ce gaskiyar taron. Na ga an yi, ba sau ɗaya ba. Na ga yarinyar da ta daina ɗaga hannu a aji tun shekarar farko saboda haka. Sojan da ke bariki an kore shi da zanga-zanga. Mai ƙashin sambol da ke zaune cikin kunnenku fa, wa zai yi masa zanga-zanga?

Fim ɗin yana nan a wurina, duk mai so ya kawo katin wayarsa in zuba masa. Hutu mai zuwa kuma zan sake kunna shi a fadar nan dai, daga farko, ba tsallakewa. Ni zan sayi shayi da sukari. Wanda ya san zai yi dariya ya zo da kakansa, ya zaunar da shi kusa da shi.